Makin Zane: Na Hannun Ɗalibi Ne ko Na Kafintan Unguwa?

Idan zangon karatu ya kusa ƙarewa, wasu makarantu a nan Garwa kan raba wa ɗalibai 'yar takarda mai ɗauke da sharuɗɗan yadda za su kawo aikin zanen da za a ba su maki a kansa. Takardar kan faɗi girman takardar zane, da faɗin gefen da za a bari fari, da inda za a rubuta suna da aji, da ranar da za a rufe karɓa. Ba ni da ja da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Inda nake da ja shi ne layin da akan ƙara a ƙasa, cewa a kawo aikin cikin firam na katako da gilashi, kuma an ware wa kyan gabatarwa wani kaso na makin. A ganina wannan sharaɗi ya cancanci a soke shi, a kuma daina karɓar firam ɗin saye ko da ɗalibi ya kawo shi don raɗin kansa, sannan a maye gurbinsa da abin da yaro zai iya yi da hannunsa a cikin aji, a gaban malaminsa.

Ni ba malamin zane ba ne. Tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa, amma a makarantun arewacin Kamaru, inda waɗanda suka karanci fannin zane ba su da yawa, darasin kan faɗa kan duk wanda jadawalinsa ke da sarari, kuma ta haka ne na samu kaina gaban tulin zane-zane da jan biro a hannu. Wanda bai taɓa zama gaban irin wannan tuli ba zai iya ɗaukar ƙa'idar gabatarwa a matsayin tsirfar ma'aikatan ofis, alhali ita ce ke sa aikin ya yiwu. Ajin da ɗalibansa suka kusa ɗari, ko suka haura, ba baƙon abu ba ne a Garwa ko Marwa ko Kusseri. Idan aka bar kowa da son ransa, wannan ya yago daga littafin lissafi, wancan ya zana a bayan kwalin sukari, waccan ta nannaɗe nata ta ɗaure da roba, to rabin lokacin malami zai ƙare wajen warware takardu da cigiyar masu su. Girma ɗaya, wurin rubuta lamba ɗaya, ranar karɓa ɗaya, duk adalci ne ga yara kuma sauƙi ne ga mai dubawa. Takardar A4, mai santimita 21 a faɗi da 29.7 a tsawo, kowane shagon kwafi yana da ita, A3 kuwa ninkinta ce, kuma babu gidan da za a ce an zalunta don an nemi ɗayansu.

Firam kuwa wani abu ne daban, domin ba yaro ne ke yin sa ba. Kafinta ne zai yanka katako ya goge ya shafa masa mai, mai gilashi ya yanka gilashin daidai awo, uba ko uwa su biya. Makinmu bisa 20 ake bayarwa, kuma kowa ya san abin da 10, wato makin tsallakewa, take nufi a takardar sakamako. Idan aka ce maki biyu ko uku na gabatarwa ne, kuma gabatarwar tana nufin firam, to an sa wa kaso na sakamakon yaro farashi a kasuwa. Kamar gasar girki ce a ba mace maki saboda kyan akushin da ta aro a maƙwabta, tun kafin a ɗanɗana tuwon. A yankin da iyaye ke biyan kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai kowace shekara, kuma daga cikin wannan kuɗi ne makarantu da yawa ke biyan malaman da gwamnati ba ta ɗauka ba, ƙarin kowace ɗawainiya yana da nauyinsa. An shelanta soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati tun shekarar 2000, amma magidanci mai 'ya'ya biyar a makaranta ya san abin da watan Satumba ke yi wa aljihunsa. Dokar tsarin ilimi ta 14 ga Afrilun 1998 ta ɗora wa gwamnati alhakin bai wa kowa dama iri ɗaya a ilimi ba tare da duban asalinsa ko halin gidansu ba, kuma ban ga yadda za a daidaita wannan da makin da ake saye wajen kafinta ba.

Na taɓa ganin wani mahaifi, mai sana'ar ɗinki, ya zo makaranta da zanen ɗiyarsa a cikin leda, ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran a gama darasi. Abin da ya ce da ni shi ne, "Malam, don Allah a karɓi na yarinyar nan haka, in an biya ni kuɗin ɗinki zan kawo gilashin." Zanen kasuwar kifi ne na bakin kogin Binuwai, da fensir zalla, kuma yarinyar ta kama yadda mata ke sunkuyawa a kan baho fiye da kowa a ajin. Babu abin da gilashi zai ƙara wa wannan zane, amma mutumin ya taho da kunya kamar wanda ake bi bashi.

Akwai wata illar da ta fi ta kuɗi ɓoyuwa, wato abin da firam ke yi wa idon mai ba da maki. Ko da ba a ware masa maki a rubuce ba, zane mai matsakaicin kyau idan ya shiga baƙin katako mai sheƙi yakan yi kwarjini, kuma malamin da ya gaji bayan duba ayyuka masu yawa mutum ne kamar kowa. Jarrabawarmu ta ƙasa, daga BEPC ta ƙaramar sakandare har zuwa bakaloriya ta kammala sakandare, ta daɗe da gane irin wannan rauni, shi ya sa ake ɓoye sunan mai jarrabawa a sa lamba a madadinsa kafin takarda ta isa hannun mai gyara. To me ya sa za mu ɓoye suna a takardar lissafi, sannan a darasin zane mu bar abin da ke shelanta halin gidan su yaro tun daga nesa? Firam mai tsada ya fi suna tona asiri. Saboda haka nake cewa bai isa a ce firam ba dole ba ne. Muddin an bar ƙofa a buɗe, masu hali za su kawo, marasa hali su ji an bar su a baya, malami kuma ya yi ta kokawa da idonsa.

Masu goyon bayan gilashi kan ce yana kare aikin. A ɗakin adana kayan tarihi, inda ƙwararru suka haɗa shi, haka ne. Irin firam ɗin da ake bugawa a unguwa cikin gaggawa kuwa ya fi ɓarna. Kafinta kan kwantar da takardar kai tsaye a jikin gilashi, ya danne ta da falankin filawud ta baya, ya buga ƙananan ƙusoshi. Zanen gawayi da na alli gari ne a kan takarda, da zarar gilashi ya taɓa shi sai ya kwashe wani sashe ya damalmala sauran. Yanayinmu ma ba ya taimakawa. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa kan haura digiri 40, sannan ruwan farko ya sauka daidai lokacin da ake haramar ƙarshen shekara, iska ta cika da laima. Raɓar da ta maƙale tsakanin gilashi da takarda ba ta da mafita, sai takardar ta yi tudu da kwari, fentin ruwa ya manne a gilashin, daga baya ɗigon fumfuna ya bayyana. Filawud yana sa takarda ta yi ruwan ɗorawa, ƙusa ta yi tsatsa ta bar tabo. Ga kuma abin da ya shafi mai dubawa kai tsaye: ta bayan gilashi mai ƙyalli ba ya ganin nauyin hannun yaro a kan fensir, ba ya ganin inda aka goge aka sake, ba ya iya juya takardar ya ga bayanta, alhali a nan ne sau da yawa ake gane ko aikin na yaron ne ko na yayansa. Ba a ma zo batun yaro ɗan shekara goma sha biyu rungume da gilashi a bayan mashin ba, ko inda makarantar da ba ta da kabad mai kulle za ta jera firam ɗari.

Duk da haka, ba na cikin masu cewa gabatarwa aikin banza ce, a duba zane kawai. Wannan ma kuskure ne, kuma al'adarmu ta riga ta ƙaryata shi. Duk wanda ya ga allon zayyana na ranar saukar karatu ya san cewa gefen da mai zayyana ya ja da hannunsa, layi bayan layi, da ja da rawaya da baƙi, ba ƙari ba ne a kan aikin, yana cikin aikin. Haka zane-zanen Ibrahim Njoya na Fumban, wanda ya yi aiki a fadar Sarki Njoya na Bamun, an san su da gefuna masu ado da shi kansa ya zana a kan takardar. Badukun Marwa ba ya miƙa wa mai saye jaka sai ya datse zare ya goge baki. Iya kammala aiki da fito da shi tsaf sana'a ce, kuma ta cancanci maki. Sharaɗina ɗaya ne, ya zama hannun ɗalibin ne ya yi, kuma an koya masa yadda ake yi kafin a tambaye shi.

Abin da za a koya masa ba shi da wuya, kuma darasi ɗaya ko biyu sun isa. Kwali mai taga ne. A ba kowane yaro farin kwali guda biyu masu girma ɗaya, ɗaya na baya, ɗaya na gaba. A kan na gaban zai auna santimita biyar daga kowane gefe ya ɗiga alama da fensir, sai na ƙasa ya ƙara masa kaɗan, domin idan gefuna huɗu suka zo daidai wa daida ido kan ga kamar zanen ya zame ƙasa. Ya haɗa alamomin da rula, ya tabbatar tagar ta gaza zanen da 'yan milimita ta kowane ɓangare don ta rufe bakin takardar. Sannan a ɗora kwalin a kan tsohon katako, a danne rular ƙarfe, a ja wuƙar yankan takarda a hankali sau biyu ko uku maimakon a nemi yankewa da ja ɗaya. Kusurwa ce ke kayar da yawancin yara, hannu kan zarce ya bar tsaga, kuma a nan ne ake gane mai haƙuri. Ga ƙananan azuzuwa, malami ne ya kamata ya riƙe wuƙar, yara su yi awo da alama, ko kuma a bar taga gaba ɗaya a ɗora zanen a tsakiyar kwali a ja masa layi biyu da rula.

Wajen maƙala zanen ne aka fi yin ɓarna. Yara kan shafe bayan takarda da gam kaf, ko su zagaye ta da salatif. Takarda tana buɗewa da damina tana tsukewa da hunturu, idan aka kame ta ta ko'ina sai ta yamutse, salatif kuwa bayan ɗan lokaci yakan bushe ya faɗi ya bar tabo mai maiƙo da ba ya fita. Abin da masu adana takardu ke yi shi ne su rataye zanen da 'yan siraran takardu biyu a gefen sama kawai, da gam ɗin sitacin alkama, saboda ana iya jiƙa shi a cire ba tare da an yaga komai ba. Mu a nan muna da sitacin rogo, muna kuma da ƙaro, wanda almajirai ke sawa a tawada, wanda kuma shi ne ke riƙe kala a fentin ruwan da ake shigo mana da shi daga Turai da tsada. Maƙwabciyarmu Cadi na cikin manyan masu fitar da ƙaro a duniya. A shafa shi sama-sama, domin in ya yi yawa kyankyaso da gara za su yi biki. Yaron da ya yi wannan aiki ya yi awo, ya yi lissafi, ya koyi tsabta, kuma idan aka ba shi maki biyu a kansa, guminsa ya ci. Kusurwa ta fita daidai ko ba ta fita ba, akwai shatin yatsa a farin kwali ko babu, zanen ya karkace ko yana tsaye, waɗannan abubuwa ne da malamin tarihi irina ma zai iya aunawa ba tare da son rai ba.

Akwai kuma wata matsala da takardun sharuɗɗa kan tsallake, kuma ita ta fi damuna a matsayina na mai koyar da tarihi. Da zarar ƙa'ida ta fara da girman takarda, ta riga ta yanke hukunci cewa fasaha abu ne shimfiɗaɗɗe mai kusurwa huɗu. Fasahar wannan yanki kuwa mafi yawanta ba a takarda take ba. Tana jikin ƙwaryar da matan Fulani ke ƙona wa zane da ƙarfe mai zafi, tana jikin hula da wuyan babbar riga, da faifai da tabarma, da fatar da aka jeme aka rina a Marwa, da bangon ɗakunan ƙabilar Musgum na garin Pus masu tudun ado daga ƙasa har sama. Tun kafin takarda ta iso, an sassaƙa da'irori a duwatsun Bidzar da ke kan hanyar Garwa zuwa Marwa, mutanen Sao kuma sun bar siffofin yumɓu a ƙasar Kotoko. Dokar 1998 ɗin nan ta ce manufar makaranta ita ce tarbiyyar 'yan ƙasa masu tushe a al'adunsu, masu buɗaɗɗen ido ga duniya. Yarinyar da ta koyi zanen ƙwarya wajen kakarta, idan aka ce mata sai abin da zai shiga firam, an gaya mata a fakaice cewa abin da ta iya ba na makaranta ba ne. Akwai ma iyayen da ba sa sakin jiki da zana abu mai rai saboda addini, kuma buɗe ƙofa ga adon layi da dagi da saƙa yana raba makaranta da gardamar da ba ta da amfani ga kowa.

Irin waɗannan ayyuka su ma suna buƙatar ƙa'ida, mai sauƙi: kada su wuce abin da yaro zai ɗauka da hannu biyu, a ɗaura musu 'yar takarda mai lamba da zare, a jera su a kan tabarma ɗaya ko benci ɗaya, ba wanda za a yi wa shimfiɗa ta musamman. Na san abin da za a ce, cewa ƙwarya da jaka ana sayar da su a kasuwar masu sana'ar hannu ta Marwa, kuma wani zai sayo ya ce shi ya yi. Gaskiya ne, amma zanen takarda ma ana yi wa yara a gida. Maganin duka biyun ɗaya ne, a fara aikin a aji, malami ya gan shi yana rabi ya sa hannu, kuma a karɓe shi tare da takardun gwaji da yaron ya fara zayyana tunaninsa a kai, komai muninsu.

Wasu abokan aiki na ganin a koma ɗaukar hoto da waya a huta. Ba sabon abu ba ne, hukumar jarrabawar Cambridge ta Ingila ta daɗe da ƙayyade cewa takardun aikin zane kada su wuce girman A2, abin da ya fi haka girma ko wanda ba shimfiɗaɗɗe ba kuma a ɗauki hotonsa. Amma idan aka ce kowane yaro ya turo hoton nasa, an fitar da firam ta ƙofa an shigo da shi ta taga, domin wayar wani gida ta fi ta wani. In za a yi, makaranta ce za ta ɗauka, da waya ɗaya, a jikin bango ɗaya, a inuwa ɗaya, kuma don ajiya, ba don ya maye gurbin ganin aikin ido da ido ba.

Bayan an gama ba da maki, sai a fito da sunaye. A ɗaura igiya a baranda, a rataye ayyukan da maƙalan shanya, a gayyaci iyaye, a bar su kwana biyu kafin iska da ƙura su yi musu illa, sannan a mayar wa kowa nasa. Mayarwar tana da muhimmanci, domin na sha ganin ayyukan yara a jibge a lungun ofis har gara ta gama da su. Uban da yake son ya sa wa zanen ɗansa gilashi ya rataye a zaure, a wannan lokaci ba wanda zai hana shi, kuma kwali mai tagar da yaron ya yanka shi ne zai raba takardar da gilashin.

Saura wanda zai rubuta ƙa'idar. Manyan makarantun fasaha na ƙasar nan da aka fi sani suna kudu, a Mbalmayo da Fumban da Nkongsamba, amma Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008 tana horar da malaman sakandare, tana kuma da masana zane da kayan tarihi, kuma shafi ɗaya daga hannunsu, da aka rubuta da yanayinmu da kasuwarmu a rai, zai wadatar da jihohin arewa uku. Kafin a samu wannan, kowace makaranta na iya gyara tata. A karanta wa ɗalibai ita a makon farko na Satumba, ba mako biyu kafin karɓar aiki ba, a faɗi ƙarara maki nawa ne na zane, nawa ne na kammalawa, a kuma bayyana ta ga iyaye da Hausa da Fulatanci, ba da Faransanci kaɗai ba. Kwalin kuwa makaranta ta sayo shi a dunƙule, iri ɗaya ga kowa, a kawo kuɗinsa gaban taron iyaye na farkon shekara, a rubuta shi cikin kasafin da ake karantawa a bainar jama'a, tare da kuɗin alli da na gyaran benci.